Sun nemi jinin Baba don binciken makantar gado, Yaya ya ce ko ɗigo

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah a sakaya sunana.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Jos da Abuja, shekaruna 43, ina zaune a Anguwar Rogo. Mahaifinmu ya rasa ganinsa shekara huɗu ke nan, likitoci suka ce hawan jinin ido ne. Ƙaninsa, Baffanmu na Bukuru, ido ɗaya ya tafi, ɗayan ana ta ɗiga masa magani. Kakanmu ma an ce da ɗan jagora ya ƙare rayuwarsa. A zuwanmu asibiti na ƙarshe wasu ma'aikata suka same mu, suka ce suna bincike a kan yadda ciwon ido ke bin jini, suna roƙon Baba da mu 'ya'yansa mu ba da ɗan jini. Suka ba mu takarda mu je mu yi shawara. Babban yayanmu ya ce ko ɗigo. Ya ce Turai za a kai jinin, ba mu san abin da za a yi da shi ba, kuma in magana ta fita cewa makanta gadon gidanmu ce, wa zai auri 'ya'yanmu? Ni ma maganar ta taɓa ni, don an kawo kuɗin gaisuwar babbar 'yata. Baba dai ya yi shiru.

Hajiya, mu ba da jinin ko mu bari? In sun gwada, za su iya gaya mini ko ni ma zan makance? Kuma dole ne sai na gaya wa surukaina? Ni dai alhamdu lillahi idona garau, ko allura zan zura wa zare, shi ya sa ban taɓa zuwa an duba ni ba. Gaskiya ma tsoro nake ji kada a gano wani abu a raba ni da sitiyari, da shi nake ci da mutum goma sha ɗaya.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba ladan haƙuri, ya tsare wa Baffa idon da ya rage, ya sanya albarka a auren da ke tafe.

Tambaya uku ka yi mini, kuma duk zan amsa. Amma abin da ya tsaya mini a rai yana can ƙarshen wasiƙarka, inda ka faɗe shi kamar ba komai ba: mahaifinka makaho, baffanka ido ɗaya, kai kuma shekara 43 ba a taɓa leƙa cikin idonka ba. Kuna ta ja-in-ja a kan jinin Baba, alhali gemun gida ya riga ya kama da wuta, babu wanda ya shafa wa nasa ruwa. Daga nan zan fara, kuma ka yi haƙuri in na ɗan daɗe.

Sunan da muka ba ciwon nan shi ne farkon abin da ke ruɗa mutane. Hawan jinin ido ba jini ne ke hawa ba. Akwai wani ruwa garai-garai da ido ke yi wa kansa a ɓangaren gaba, kullum yana ɓuɓɓugowa, kullum yana fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta fara cushewa, ruwan na shiga ba ya fita yadda ya kamata, sai ido ya ɗau matsi. Kai da ka san taya ba sai na yi maka dogon bayani ba: iska na iya yin yawa ba ka gane da kallo, sai mai faci ya kafa geji. Gejin ido yakan nuna tsakanin 10 da 21 ga yawancin masu lafiya. Matsin nan a bayan ido yake ɓarna, wurin jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar nan damin zare ce, sama da zare miliyan ɗaya, kuma duk wanda ya tsinke ya tsinke ke nan, har yau babu likitan da ke ƙulla shi. Turawa na kiran ciwon gilakoma.

Abin takaicin shi ne ta gefe yake fara ci, kuma irin wanda ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ba ya ja, ba ya ƙaiƙayi. Tsakiyar gani ita ce ta ƙarshe da yake taɓawa. Zura zare a allura kuwa aikin tsakiyar gani ne.

Lokacin da nake aikin jinya a ɗakin duba ido, an kawo wani dattijo mai sayar da dankali a Farin Gada. 'Yarsa ce ta matsa masa ya zo, yana ta faɗa an ɓata masa ranar kasuwa. Ya zauna ya karanto allon haruffa har layi na kusa da ƙarshe, ya juyo yana dariya, wai ko mu yaran ba za mu fi shi ba. Na tsaya a gefensa na dama, na miƙa masa katinsa daidai kafaɗa, hannuna a miƙe har na gaji, sai ji na yi ya ce, "Malama, ina katin nawa?" Da ya ɗage wando zai hau gadon gwaji na ga ƙwaurinsa duk tabo. Benci, turmi, bakin ƙofa. Ya ce yaran gida ne ba su da hankali, kullum sai sun ajiye abu a hanya. Aka sa kansa a na'urar nan mai kama da ƙwarya, wadda ɗan haske ke ƙyallawa nan da can mutum yana danna maɓalli in ya gani. Takardar da ta fito baƙa ce kewaye, sai wani ɗan fari a tsakiya kamar kwabo. Ta cikin kwabon nan yake kallon duniya, bai kuma sani ba, don ƙwaƙwalwa kan cike gurbin da ido ya bari da abin da take zato. Shi dankali yake sayarwa. Kai kana saukowa Hawan Kibo da fasinja, kana kutsawa cunkoson Mararaba inda mai babur ke ɓullo maka ta inda ba ka zata ba.

Ba gidanku kaɗai ba ne. Tsakanin 2005 da 2007 an zagaya Najeriya an duba idon mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar da ɓangaren gilakoma a 2015: kusan mutum 5 cikin 100 na ɗauke da shi, ɗaya cikin biyar na masu shi ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da shi ba su kai 6 cikin 100 ba. Sauran duk irinka ne, masu cewa idonsu garau. A wannan binciken yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, gilakoma na biye. Bambancinsu shi ne yana ana cire ta gani ya dawo.

To, gado ne? E, yana bin jini, ba zan ɓoye maka ba. A wani bincike da aka buga a 1998 daga birnin Rotadam na ƙasar Holan, an gano cewa ɗa ko ɗan'uwan mai gilakoma na da kasadar kamuwa kimanin kashi 22 cikin 100 a tsawon rayuwarsa, wanda ba shi da kowa a gida kuma bai wuce 2 da 'yan kai ba. Ninki tara ke nan. Wancan ma a cikin Turawa ne. Mu baƙar fata dama mun fi su: binciken birnin Baltimo na Amurka a 1991 ya nuna ciwon ya ninka sau huɗu zuwa biyar a baƙaƙe, kuma yakan kama mu da ƙuruciya fiye da su. Amma ka sake kallon 22 ɗin nan ta ɗaya gefen. Yawancin 'ya'yan masu ciwon ba sa kamuwa. Waɗanda suka kamu kuma, in an tare da wuri, yawanci da ganinsu suke komawa ga Allah.

Inda mutanenmu ke kuskure shi ne auna kowane ciwon gado da ma'aunin sikila. Mun saba da AA da AS da SS, a ɗebi jini da safe, da yamma a ba ka takarda, magana ta ƙare. Sikila ƙwayar gado guda ɗaya ce ke kawo ta, shi ya sa take da sauƙin karantawa. Jikin ɗan Adam kuwa na ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, kowace biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma gilakomar tsufa ba ta rataye a wuyan guda ɗaya ba. Lodi ne. Buhu ɗaya ba ya karya sifirin. Amma wannan ya ɗora, wancan ya ɗora, ga shekaru sun hau, ga ramukan hanya, wata rana sai ka ji ƙas. A 2021 masana sun lissafa wurare 127 a cikin ƙwayoyin gadon mutum da ke ƙara nauyin gilakoma, zuwa 2023 lissafin ya haura 300, kowane da ɗan buhunsa. Kai da Yaya uwa ɗaya uba ɗaya, amma lodin da kowannenku ya ɗauko daban ne.

Akwai dai gidajen da ƙwaya ɗaya ta ishe su. A 1997 masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka suka gano wata da ake kira MYOC, wadda in ta samu matsala takan toshe magudanar nan ita kaɗai, kuma kowane ɗa na da rabin yiwuwar gadonta daga mahaifin da ke da ita. Sai dai cikin masu gilakoma 100 ba ta wuce mutum 2 zuwa 4, kuma sau da yawa da wuri take bayyana, wani tun bai kai arba'in ba. Shi ya sa akwai tambayar da ta fi jini sauƙi kuma kyauta ce: Baba yana ɗan shekara nawa abin ya fara? Baffa fa? Ka bi dangin mahaifiyarku ma, don rabin kayan daga can suke. Shi kuwa Kaka, kada ku yi saurin sa shi a lissafi. A zamaninsu yana kaɗai ta isa ta zaunar da mutum, ga amosanin ido, ga makantar da cizon ƙudan bakin rafi ke kawowa, wadda ta daɗe tana addabar ƙauyukan Filato da Nasarawa. In akwai tsohuwar da ta san shi, tambaye ta ko ƙwayar idonsa ta yi fari ne, ko kuwa ido na nan ƙalau kamar yana kallonka amma ba ya gani. Na biyun ne ya fi kama da naku.

Wannan ya amsa tambayarka ta biyu. A'a, jinin da za ku bayar ba zai gaya maka ko za ka makance ba, kuma duk wanda ya ce maka zai gaya maka, ka riƙe aljihunka. Abin da gwajin jini mafi tsada zai ce maka a yau shi ne kasadarka ta fi ta maƙwabcinka, ka je a riƙa duba ka. Wannan kuwa sandar Baba ta riga ta gaya maka.

Me ya sa to suke son jinin? A nan zan ɗan kāre su, don aikin nasu ba shirme ba ne. Akwai wani ciwon tsufa da ke cin tsakiyar gani ya bar gefe, kishiyar gilakoma ke nan, wanda ya fi damun tsofaffin Turawa fiye da namu. A 2005 aka gwada jinin masu ciwon 96 da na masu lafiya 50, sai ga wata ƙwayar gado mai suna CFH ta fito fili. Abin mamakin shi ne aikinta na cikin garkuwar jiki ne, wurin da ba a cika waiwaya ba in ana maganar ido. Ta nan aka bi har aka samu maganin farko na wannan ciwon ido da aka amince da shi a Amurka mai kwantar da wannan ɓangare na garkuwar, a 2023. Ka lissafa: shekara 18 daga gano ƙwaya zuwa allura, allurar ma rage gudun ciwon kawai take yi. Haka wannan aiki yake, dashen giginya ne.

Matsalar kuma ita ce kusan duk dashen a gonar wasu aka yi shi. Wata ƙididdiga ta 2019 ta nuna kusan mutum 8 cikin 10 da aka yi irin wannan bincike a kansu jinin Turawa ne, 'yan asalin Afirka kimanin 2 cikin 100. Mu ciwon ya fi ci, su aka fi nazarta. Lokacin da aka waiwayo, aka haɗa jinin dubban baƙar fata har da 'yan Najeriya, sai a 2019 aka ci karo da wani sauyi a ƙwayar APBB2 da ba a samun sa a Turawa ko mutanen Asiya, sai a jinin Afirka. Shi ma ɗan buhu ne, ba ya yanke wa kowa hukunci, amma da an shekara ɗari ana tona jinin Turawa ba za a gan shi ba. A ƙarƙashin shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado a Afirka an yi babban aiki a kan gadon gilakoma wanda Farfesa Adeyinka Ashaye ta Ibadan ta jagoranta. Gida irin naku, mai uba da baffa da 'ya'ya da yawa a gari ɗaya, shi ne abin da mai irin wannan bincike ke nema ido rufe. Don haka ka ɗauki ba da jinin a matsayin sadaka ga jikoki, naku da na wasu. Ba zai dawo wa Baba da ganinsa ba, ba zai rage wa Baffa kuɗin magani ba, kuma in ma'aikatan na ƙwarai ne su da kansu za su faɗa muku haka.

Yaya kuma kada ka kira tsoronsa jahilci. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shekarunsa sun kai ya tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da aka sa yara kimanin 200. Yara 11 cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Duk ɗan Arewa da ya ji kalmar bincike ya ɗan ja baya yana da hujja. Sai dai akwai bambanci. A can magani aka sa a jikin yara. A nan ɗan jini za a ɗiba, bai fi cokali ɗaya ko biyu ba, wani lokacin ma yawu kawai. Kasadar jiki ba ta wuce ta tsinin allura ba. Kasadar gaskiya ita ce ta sirri, kuma a nan ne Yaya ya taɓo gaskiya. Tun 2007 Najeriya na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya da kwamitin ƙasa mai sa ido a kai, dokar lafiya ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya da na ƙwayoyin gado cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Doka a takarda ce, na sani. Amma ta ba ku bakin tambaya.

Ku koma da takardar, da Yaya a gaba, ku tambaya ba kunya. Wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da aikin, ina lambar amincewar, ina ofishinsu? Kowane asibitin koyarwa na da irin wannan kwamiti, kuna iya zuwa da ƙafarku ku tabbatar. Sunanmu za a rubuta a kwalbar ko lamba, kuma wa ke riƙe da littafin da ya haɗa sunan da lambar? Za a fitar da jinin waje? Mai yiwuwa amsar e ce, don manyan na'urorin karanta ƙwayoyin gado ba ko'ina suke ba, kuma wannan kaɗai ba laifi ba ne in an faɗa muku an kuma rubuta. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan wannan tambaya shi ne abin gudu. Shekara nawa za a ajiye shi, kuma za a yi wani binciken daban da shi? In aka ga abin da ya shafi lafiyarmu, za a kira mu? In mun fasa daga baya, wa za mu gaya wa? Sannan ku ji daga bakinsu cewa in kun ƙi, kulawar da ake ba Baba ba za ta ragu ba. In an nemi ku biya kuɗi, ko an yi muku alkawarin waraka, ko an ce sai yau sai yau, ku ninke takardar ku tafi.

Wani abu ya dame ni a wasiƙarka: "Baba dai ya yi shiru." Jinin nasa ne. Ido ya rasa, hankalinsa na nan. Na sha ganin yadda gida ke yi wa dattijo da zarar ya makance, a riƙa magana a kansa yana zaune kamar buhun masara, har likita ya tambaye shi ɗa ya amsa. Ba Yaya ke da ikon hanawa a madadinsa ba, ba kai ke da ikon yarda ba. Haƙƙinsa ne a karanta masa takardar da Hausa, a gaban shaidan da ya yarda da shi, ya ce e ko a'a da bakinsa. Haka kowannenku: Yaya na iya ƙin ba da nasa kai ka ba da naka, ba a yi wa kowa laifi ba. In ra'ayina kake so, in amsoshin sun fito a fili, ni da zan bayar. In kuma zai raba kan gida, ku bari, duniya ba za ta tashi ba. Duba ido ne ba na yarda a bari.

Maganar surukai gajeriya ce. Duk Anguwar Rogo na ganin jika na jan Baba zuwa masallaci, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ba kwalbar jini mai lamba ce za ta fallasa ku ba. Ba sai ka tara dangin ango ka yi sanarwa ba, amma in an tambaya ka faɗi gaskiya: hawan jinin ido ne, yana da magani in an gano da wuri, kuma duk gidan muna zuwa a duba mu. Ka ga amfanin a ce jimlar ƙarshen nan gaskiya ce. Wannan ba irin sikila ba ne da haɗuwar AS da AS ke sa a dakatar da aure, babu likitan da zai ce a fasa aure don kakan amarya na da gilakoma. Gwajin sikilar dai su yi shi. 'Yar taka kuma ita ce ya kamata ta sani sosai, don ta riƙa faɗa wa duk likitan idon da ta gani, musamman in ta doshi 35.

Yanzu kai. Abin da kake bukata ba karanta allo wurin mai sayar da tabarau a Taminus ba ne. Ka je sashen ido na asibitin gaske, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga Jankwano, ko kuma asibitin da Baba ke zuwa tunda sun san tarihinsa. Ka buɗe baki da cewa mahaifina da baffana na da gilakoma. A auna matsin ido, a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a kalli jijiyar, a kuma sa ka a na'urar gefen gani. Ukun nan tare, don akwai waɗanda geji ke nuna daidai amma jijiya na mutuwa. In an ce lafiya lau, ka gode wa Allah ka koma baɗi, don lafiyar bana ba ta lamunce ta baɗi ba. A duba maka sukari ma, shi ma yana cin ido ta tasa hanyar.

In kuma an ga wani abu, ga yadda take. Akwai maganin ɗigawa, wani sau ɗaya da dare kamar latanoprost, wani safe da yamma kamar timolol, wanda mai asma dole ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa. Akwai hasken leza da ake haska wa magudanar a zaune cikin 'yan mintoci. A wani gwaji da aka yi a Tanzaniya aka buga a 2021, bayan shekara guda idanun da leza ya riƙe wa matsi sun kusa ninka waɗanda timolol ya riƙe wa, sai ka tambaya ko akwai shi. Akwai kuma tiyatar buɗe sabuwar magudana. Duk cikinsu babu mai ƙara gani, tsare wanda ya rage suke yi. Rashin fahimtar wannan ne ke makantar da mutane: a ɗiga wata uku, a ce ban ga canji ba, a watsar. Rashin canjin shi ne aikin maganin. Ka gaya wa Baffa haka, ka kuma ce masa ko azumi ya zo kada ya ajiye kwalbar, ya nemi likita ya daidaita masa lokutan da sahur da buɗa-baki. Kai kuma, na san halin direbobi in hunturu ya shigo ido ya yi ja da ƙura: a tsaya kemis a ce a ba ni na jan ido. Da yawan waɗannan kwalabe na ɗauke da sinadari irin dexamethasone, yana wanke ja nan take, yana kuma tayar da matsin ido in an daɗe ana sawa, balle ga ɗan gida irin naku. Masu yawo gari-gari suna tura yana da tsinke kuwa, kada a bari ko kusa da Baba ko Baffa su zo.

Sitiyarin da kake tsoron rasawa, ba zan yi maka daɗin baki ba. In an samu gefen ganinka ya riga ya tafi da yawa, dole ka sauka, don rayukan da ke bayanka amana ne, kuma gara ka ji daga likita da sauran lokacin neman wata sana'a ko sa yaro a motar. Amma mutumin da ke da shekara 43 ba ya jin komai, in ma akwai ciwon, akwai kyakkyawan zaton bai yi nisa ba, kuma wanda aka tara a wannan mataki yakan ci gaba da tuƙinsa da kwalbar magani a aljihu. Kowace shekarar da ka ƙara kana gudun geji, zaren da ke riƙe da lasisin naka ne ke tsinkewa.

Da Yaya, ka ajiye gardamar bincike tukuna. Shi ne babba, shekaru kuma su ne buhu mafi nauyi a lodin, don haka ya fi ka bukatar a duba shi. Ce masa kai ne kake jin tsoro, ya raka ka. In kun isa sai a duba ku duka. 'Yan'uwanku mata da ke gidajen aure a aika musu, su ake mantawa a irin wannan, da 'ya'yan Baffa. Kafin nan, ka samu Baba shi kaɗai bayan isha'i, ka karanta masa takardar a hankali, ka tambaye shi shekarar da ya fara karo da ƙofa, ka kuma bar shi ya yi magana. Ranar asibiti ka ɗauki katinsa da kwalaben maganin Baffa don likita ya gani, kuma kada ka yi lodi ranar, kada ma ka je da mota. Maganin buɗe ido na sa gani ya yi hazo na wasu awoyi, rana kuma ta riƙa kashe maka ido. Ku hau keke ku dawo.